Ƙungiya ce ta yi wa kakanta takardun zama ɗan Amurka? Ga ta inda za ki kama

Tambayar wannan karon daga New York ta zo, daga wata baiwar Allah mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Dattijuwar da take jinya Bayahudiya ce da ta haura shekara tamanin, kuma ba ta da zance sai na kakanta na wajen uba. Abu uku ta ji a gida tun tana yarinya: ya baro "Rasha" wajajen 1905, a tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙi masu shiga New York a lokacin, aka canja masa suna, kuma wata ƙungiyar 'yan garinsu ce ta "yi masa takardu". Burinta ta san sunan garin da yadda aka yi ya zama ɗan ƙasa tun tana da sauran numfashi. Mai tambaya ta buga sunan a intanet, mutum sama da ashirin suka fito mata da suna iri ɗaya, ta rasa na kamawa.

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Na daɗe ina tonon irin waɗannan takardu, kuma wannan labarin na ji shi har ban san adadi ba. Na farkon rabin magana ce, na biyun kusan kullum ba haka aka yi ba, na ukun kuwa shi zai kai ki gida, sai dai ba ta ƙofar da dattijuwar take zato ba.

Ki fara cire batun Ellis daga ranki. Ma'aikatan tsibirin ba su ke rubuta sunayen baƙi ba. Kamfanin jirgi ne ke cika takardar fasinjoji tun a tashar da aka taso, ko Hamburg ko Bremen ko Antwerp ko Rotterdam ko Liverpool, shi kuwa ma'aikacin Ellis dubawa yake yi yana tambaya, ga tafintoci masu jin Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai, a gefe. Mutane da kansu suka riƙa canja suna daga baya. Wani a wurin ɗinki aka kasa furta nasa ya gajarta, wani a makaranta aka gyara wa 'ya'yansa shi ma ya bi, wani a kotu ya nema ranar rantsuwa. Amfanin sanin haka shi ne a takardar jirgi sunansa na can za ki nema, ba na nan ba. Wanda aka binne da suna Morris ko Max yana iya zama Moshe ne a jirgi, Isidore ko Irving kuma Itzik, harafin farko kawai aka riƙe.

"Rasha" ma ba adireshi ba ne. Daular Rasha ta killace yawancin Yahudawanta a yammacin ƙasarta, inda yau ake da Lituweniya da Belarus da Yukren da Moldoba da wani ɓangare na Folan. Daga nan, da Galisiya da ke hannun Ostiriya, da Romaniya, Yahudawa sama da miliyan biyu suka shiga Amurka tsakanin 1881 da 1924. Talauci da dokokin takura ne suka kore su, ga kuma hare-hare irin na Kishinev a 1903 da na Odessa a 1905. Takardun haihuwa da aure da haraji na can duk gari-gari aka adana su. Idan babu sunan gari babu abin da za ki iya nema a Turai, don haka duk aikin nan kalma ɗaya muke farauta.

Ni da maƙabarta nake farawa, kuma ke ma can zan tura ki. Ki tambayi dattijuwar inda aka binne shi. Da wuya ta manta, don al'adarsu ce ziyartar kabarin iyaye. Idan ta manta, takardar mutuwarsa za ta faɗa, kuma ma'adanar takardu ta birnin New York ta sa na mutuwa har zuwa 1948 a intanet kyauta. Yawancin mutanen zamaninsa suna kwance ne a Queens, a Mount Hebron ko Mount Zion ko Mount Carmel ko Montefiore, ko a Washington da ke Brooklyn, ko Beth David da ke Elmont. Kada ki je ranar Asabar, a rufe za ki tarar, ranar Juma'a ma da wuri suke tashi. Lahadi ta fi.

Da kin shiga za ki ga abin da nake nufi. Ba fili ɗaya ba ne shimfiɗe. An yayyanka shi kamar unguwanni, kowane yanki da ƙofarsa: ginshiƙai biyu na dutse, wani lokaci da bakan ƙarfe a sama, an sassaƙa sunan ƙungiya da Turanci da haruffan Ibrananci. A jikin ginshiƙan kuma ga sunayen shugaba da ma'aji da sakatare da 'yan kwamitin da suka sayi filin. Sunan ƙungiyar sau da yawa sunan gari ne aka liƙa wa "er" a wutsiya: Bialystoker mutanen Bialystok ke nan, Pinsker na Pinsk, Minsker na Minsk. In kin ga "Anshei" a gaba, ma'anarsa mutanen gari kaza. Ofishin maƙabartar zai gaya miki a filin wace ƙungiya yake tun kafin ki taka, wasu ma sun sa a shafinsu na intanet. Ki ɗauki hoton ginshiƙan duka biyu yadda sunayen za su karantu, za ki buƙace su nan gaba.

Sai dutsen kabarin. Rubutun Turancin ba zai ƙara miki komai ba, na Ibranancin ne mai kaya. A sama akwai haruffa biyu masu nufin nan aka binne, sai sunansa na addini, sai "ɗan wane". Nan take kin samu sunan mahaifinsa, mutumin da wataƙila bai taɓa barin Turai ba. Ki kula da wani tarko: tsakanin sunayen biyu akan sa taƙaitaccen rubutu mai nufin "ɗan Reb wane", jikoki su ce ai kakansu babban malamin addini ne. Reb girmamawa ce kawai, kamar yadda muke kiran kowane magidanci Malam. Hoton tafuka biyu a buɗe alamar zuriyar limaman farko ce, buta kuma ta Lawiyawa. Wani abu da ya bambanta da namu: Yahudawan gabashin Turai ba sa sa wa jariri sunan mai rai, sai na wanda ya rasu. Idan ɗansa da aka haifa a 1912 yana ɗauke da sunan wannan mahaifin nasa, to mahaifin ya riga mu gidan gaskiya kafin wannan shekarar. Ba sai kin iya karanta harshen ba, shafin JewishGen yana da wurin da ake ɗora hoto masu sa kai su fassara kyauta.

Wannan ƙungiyar ita ake kira landsmanshaft, jam'inta landsmanshaftn. Wani bincike da marubutan Yidish suka yi a 1938 da kuɗin gwamnatin tarayya ya ƙiyasta kusan 3,000 a New York kaɗai. Wasu na ibada ne, majami'a ce ƙarama a ɗaki ɗaya. Wasu na taimakon marasa lafiya ne zalla. Wasu rassa ne na manyan ƙungiyoyi irin su Arbeter Ring ta ma'aikata masu ra'ayin gurguzu, ko Brith Abraham. Mamba yana biyan kuɗin ƙungiya a kan kari, shi kuma ya samu likitan ƙungiya, da ɗan abin kashewa in ciwo ya kwantar da shi, da kuɗin zaman makoki na kwana bakwai tunda ba ya fita aiki, da rance ba kuɗin ruwa, da kabari shi da matarsa. Kabarin nan shi ne ginshiƙin abin. Baƙo na iya haƙuri da yunwa, amma a binne shi cikin baƙin ido a filin gwamnati, wannan kam ba ya yarda.

To ita ce ta yi masa takardu? A'a. Babu ƙungiyar da ke da ikon mai da mutum ɗan Amurka, aikin kotu ne daga farko har ƙarshe. Abin da ƙungiya ta yi shi ne ta tsaya masa a duk inda tafiyar ke buƙatar mutum. Ɗan garinsu ne ya tarye shi, ya ba shi wurin kwana a falo, ya kai shi wurin ɗinki. Ɗan garinsu da ya riga shi zuwa ne ya san wace kotu ce ba ta da dogon layi da irin tambayoyin da alƙali ke yi. Uwa-uba, daga cikinsu ake samun shaidu. Shi ya sa a bakin jikoki labarin ya dunƙule ya koma "ƙungiya ta yi masa".

Ga yadda dokar take. Mataki biyu ne. Da farko mutum ya je kotu ya bayyana niyyarsa, takardar da za ki gani da sunan Declaration of Intention, su kuwa suna ce mata takardar farko. Bayan aƙalla shekara biyu da wannan, kuma ya cika shekara biyar a ƙasar, sai ya shigar da ta biyu, Petition for Naturalization. Kafin 27 ga Satumba 1906 kowace kotu da nata salon, kuma yawancin takardun lokacin ba su da komai sai suna da ƙasa da kwanan wata. Daga wannan ranar gwamnatin tarayya ta fito da fom iri ɗaya, ta ce a aika mata kwafi Washington, ta wajabta jin Turanci, ta kuma ce takardar farko ta mutu in ta shekara bakwai ba a bi ta da ta biyu ba. Ki lissafa: wanda ya sauka a 1905 ba zai iya kammalawa ba sai 1910 zuwa sama. Kin taki sa'a, takardarsa ta faɗo cikin zamanin da fom ke magana.

Kuma tana magana sosai. A ciki akwai garin haihuwa, ba ƙasa kawai ba, da ranar haihuwa, da sana'a, da adireshi, da tashar da ya taso da sunan jirgi da ranar sauka, da sunan matarsa, da sunan kowane ɗa da ranar haihuwarsa. Wannan jerin 'ya'yan shi zai raba miki gardamar mutum ashirin ɗin nan. Ki sa dattijuwar ta lissafa miki baffanninta da gwaggonninta bi da bi, takardar da jerin ya dace ita ce tasa. Na taɓa ɓata wata biyu ina bin wani tela da sunansa da shekarunsa da unguwarsa duk suka zo daidai da wanda nake nema, har na tsallaka da shi Turai a takarda, sai da na koma na karanta jerin 'ya'yan da kyau na ga babu babbar 'yar. Wani mutum ne daban, layi biyu tsakanin gidajensu. Tun ranar ban ƙara yarda da suna da shekaru su kaɗai ba.

Yanzu ki gangara ƙasan shafin, wurin da yawancin masu nema ke tsallakewa. Doka ta ce sai 'yan ƙasa biyu sun zo da kansu sun rantse cewa sun san shi shekara biyar a Amurka kuma mutumin kirki ne. An rubuta sunansu da sana'arsu da adireshinsu. Wa baƙo zai samu da zai bar aikin yini guda ba albashi ya zauna masa a kotu, ba sau ɗaya ba? Suruki, ɗan baffa, ɗan ƙungiya. Ki ɗauko hoton ginshiƙan nan ki gwada sunayen. Ranar da na fara ganin sunan shaida a takardar kotu ya fito ɓaro-ɓaro a jikin dutse a matsayin ma'ajin ƙungiya, sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Nan ne za ki ga hannun ƙungiyar a cikin takardun gwamnati. Sannan ki nemi takardun shaidun su ma: sun riga shi zama 'yan ƙasa, kuma in shi ya rubuta babban birni kamar Minsk don sauƙi, wataƙila ɗayansu ya rubuta ainihin ƙaramin garin. Ba kullum ake dacewa ba, wani shaidan maƙwabci ne kawai ko mai shagon layi. Haka kwanciya a filin ƙungiya ba hujja ce yankakkiya ba, akwai waɗanda suka shiga ta dalilin mata ko aboki. Amma idan ƙofar maƙabarta da takardar kotu da takardar jirgi suka faɗi gari ɗaya, magana ta ƙare.

Inda za ki same ta ya danganta da kotun. Kafin ki fara, ki duba ƙidaya: ta 1910 da 1920 da 1930 suna da gurbi da aka rubuta Al ga baƙo, Pa ga mai takardar farko, Na ga wanda ya kammala, ta 1920 kuma har shekarar ta tambaya. Ƙidayar jihar New York ta 1925 ta fi su duka, don ta tambayi yaushe da kuma a ina. Kotunan tarayya biyu ne a birnin, ta gundumar kudu mai kula da Manhattan da Bronx da ta gabas mai kula da Brooklyn da Queens, takardunsu suna hannun ma'adanar takardu ta ƙasa. Na kotunan jiha suna wurin magatakardan kowace gunduma. Shafin FamilySearch ya ɗora hotunan da yawa kyauta, shafin Ancestry na kuɗi ne amma a ɗakin karatu na birni za ki shiga ba ko sisi. Akwai kuma kwafin da aka aika Washington, wanda hukumar shige da fice ke bayarwa in an biya, sai dai akwai jira mai tsawo, ki bar shi ya zama na ƙarshe.

Wani gargaɗi game da 1905. Waɗanda suka sauka bayan 29 ga Yuni 1906 sai an binciko sunansu a takardar jirgi an ba su shaidar sauka kafin kotu ta saurare su, kuma wannan 'yar takardar takan nuna sunan da suka shigo da shi. Kakan dattijuwar ya riga wannan doka, don haka jirgi da ranar da ya faɗa daga ƙwaƙwalwarsa suka fito, babu wanda ya tantance. Ki ɗauke su a matsayin kusa-kusa. Ranar haihuwa ma haka. Da kalandar Yahudawa ya san ta, kwana kaza kafin Idin Ƙetarewa, ita kuma Rasha tana bin tsohuwar kalanda da ke bayan ta Amurka da kwana 12 a ƙarni na 19. Da yawa sun zaɓi wata rana kawai suka riƙe.

Takardar jirginsa ta 1905 shafi ɗaya ce: inda ya zauna a ƙarshe, wanda ya biya masa kuɗin jirgi, kuɗin da ke aljihunsa, da wanda zai je wurinsa har da adireshi. A gurbin jinsi za ki ga an rubuta Hebrew. Ba ta da garin haihuwa, bayan dokar 1906 aka ƙara shi, a 1907 kuma aka ƙara suna da adireshin ɗan'uwa mafi kusa da aka baro a gida. Saboda haka dabarar ita ce ki nemi wanda ya biyo bayansa. Al'adar ita ce namiji ya fara zuwa, ya tara kuɗi shekara biyu ko uku, ya aika tikiti. Takardar matarsa ko ƙanensa ta 1908 za ta ba ki garin da sunan wanda ya rage a can, a ɗaya shafin kuma ga sunansa da adireshinsa a matsayin mai tarba. In rubutun sunan ya ba ki wahala, ki yi amfani da shafin Stephen Morse, yana nema da sautin suna ko da garin kaɗai. Idan ta Hamburg suka taso, takardun tashi na can sun tsira daga 1850 zuwa 1934. Na Bremen na waɗannan shekarun kusan duk sun salwanta.

Kada ki tsaya a layin sunansa. A ƙarshen takardun kowane jirgi akwai shafukan waɗanda aka tsare. Wasu jiran mai ɗauka suke yi, musamman mata da yara, kuma an rubuta wanda aka damƙa su a hannunsa. Wasu an kai su gaban kwamiti ne bisa zargin za su zama kaya a wuyan gwamnati, wanda ake taƙaitawa LPC, ko don amosanin ido. Kimanin kashi 2 cikin ɗari kawai aka mayar, kuma a nan ne HIAS, ƙungiyar taimakon baƙi Yahudawa, ta yi suna. Ita ba ta gari ɗaya ba ce, ta kowane Bayahude ce. Tana da wakili a tsibirin tun farkon ƙarni na 20, Alexander Harkavy mai ƙamus ɗin Yidish da Turanci ya yi wannan aikin, suna fassara suna ɗaukaka ƙarar waɗanda aka ce a mayar. A 1909 ta haɗe da gidan saukar baƙi na East Broadway, ta riƙa ba da masauki da abinci, tana neman wa mutane danginsu, tana koyar da tambayoyin kotu da cika fom. A 1921 ta koma tsohon ginin ɗakin karatun Astor da ke titin Lafayette.

Ra'ayina dai kada ki sa rai da yawa a kan HIAS game da mutumin 1905. Kowa sunanta yake fara kira, amma takardunta na mutum-mutum sun fi kauri ne daga baya, lokacin 'yan gudun hijirar Hitila da waɗanda suka tsira bayan yaƙi. Wanda ya wuce Ellis lami lafiya ya tafi wurin ɗan'uwansa, ba shi da dalilin shiga littafinta. Na Boston da Philadelphia sun fi tsufa. A Philadelphia ma akwai wani abin da New York ba ta da irinsa: littattafan bankunan baƙi, Blitzstein da Rosenbaum da Lipshutz, inda mutum ke tara kuɗi kaɗan-kaɗan ya sayi tikiti, an rubuta mai saye da adireshinsa da wanda aka saya wa da inda yake. Suna jami'ar Temple, JewishGen kuma ya jera sunayen. In kuma ya ɓace miki daga New York na 'yan shekaru, ki tuna da Industrial Removal Office, wadda daga 1901 zuwa 1922 ta kwashe kimanin mutum 79,000 daga cunkoson birnin zuwa garuruwan cikin ƙasa. Wasu sun dawo, amma sun baro takardar farko a wata kotu can Ohio ko Missouri.

Takardun ƙungiyar garinsu kuwa, YIVO za ki nufa, cibiyar da aka kafa a Vilna a 1925 ta dawo New York a 1940, yanzu tana titi na 16 a yammacin Manhattan, gini ɗaya da American Jewish Historical Society. YIVO tana riƙe da takardun ɗaruruwan ƙungiyoyi. Da yawa sun iso ta ne ta hanya mai ban tausayi: mambobi sun ƙare, jikoki ba su damu ba, hukumar inshora ta jiha ta karɓi ragowar dukiya ta raba, akwatunan takardu suka biyo baya. Maƙwabciyarta kuma tana da takardun rajistar ƙungiyoyin da sunayen waɗanda suka kafa su. Abin da za ki tarar: littafin biyan kuɗi, fom ɗin shiga mai shekaru da sana'a da sunan mata, taswirar kaburbura, mujallar bikin cika shekara ashirin da biyar mai hotuna da tallan shagunan mambobi. Littafin zaman taro da Yidish yake, rubutun hannu, kuma kaso mafi yawa rigima ce kan wanda bai biya ba da wanda bai je dubiya ba. Da wuya ki ga layin da ya ce mun taimaki wane ya zama ɗan ƙasa. Amma ki lura da siffar abin: tsarin mulki a rubuce, zaɓe, ƙuri'a, neman izini kafin magana. Mutanen da suka fito daga ƙasar da ba a taɓa tambayar ra'ayinsu ba, a ɗakin haya na ƙungiya suka fara koyon wannan kafin su tsaya gaban alƙali. Bayan yaƙin duniya na biyu irin waɗannan ƙungiyoyin ne suka buga littattafan tunawa da garuruwansu da aka shafe, ana ce musu yizkor, da taswira da sunayen iyalai. Ɗakin karatu na New York ya ɗora ɗaruruwa a intanet.

Kakarta fa? Idan mijin ya kammala kafin 22 ga Satumba 1922, ba za ki samu takarda da sunanta ba, don a lokacin mace tana zama 'yar ƙasa ne ta mijinta, haka 'ya'ya ƙanana da aka haifa a waje. Layi ɗaya ne nata a cikin tasa. Idan ya wuce wannan ranar, sai ta nemi tata da kanta, kuma wannan riba ce gare ki: za a samu garinta da ranar aurensu, in ta kai 1929 har da hotonta.

Kada ki yi mamaki in ya yi jinkiri haka. Kuɗin duka dala 5 ne a dokar 1906, amma ga Turanci, ga kwanakin aiki da za a rasa, ga tsoron alƙali. Mutane da yawa sun shekara ashirin da takardar farko ko ba komai. Abin da ya zaburar da su shi ne rufe ƙofa da aka yi a 1921 da 1924. Daga nan ɗan ƙasa ne kaɗai ke iya kawo matarsa da ƙananan 'ya'yansa ba tare da sun shiga ƙayyadadden adadi ba, iyayensa kuma su samu fifiko a layi. Wasu kuma ta soja suka bi: dokar 9 ga Mayu 1918 ta yafe wa masu kaki takardar farko da shekara biyar ɗin, aka riƙa rantsar da su a kotun da ke kusa da sansani, nesa da gida, shaidunsu ma hafsoshi ne. Yana kuma yiwuwa bai taɓa kammalawa ba, duk da abin da aka gaya wa jikoki. In haka ne kuma yana raye a 1940, dole ya cika fom ɗin rajistar baƙi a gidan waya, kuma shi ma yana ɗauke da wurin haihuwa da jirgi da ranar sauka da ƙungiyoyin da yake ciki.

In Allah ya sa kin samu takardun, shafi biyu za ki kai mata kafin komai. Takardar farko, in a sabon fom ɗin 1906 ya cika ta, ta siffanta shi: tsawonsa, nauyinsa, launin gashi da na ido, har da tabo in yana da shi. Ta biyu kuma, in ya kammala kafin faɗuwar sarautar Rasha a 1917, tana da rantsuwar da ya yi cewa ya bar biyayya ga Nicholas na Biyu, sarkin dukan Rasha, a ƙasa ga sa hannunsa, don dokar ta ce sai da hannun mutum kansa. Ki sa a buga miki su a babbar takarda saboda idonta, ki zagaye mata sunan garin da jan biro.